Ranar Da Aka Kira Ni In Tayar Da Jirgin Feshi

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ko da tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina. Ita ce ranar da na tona wa kaina asirin da na shekara bakwai ina rufewa, a gaban mutanen garinmu kaf, maza da mata, kuma ba wanda ya tambaye ni.

Bari in faro muku daga tushe. Garinmu ƙaramin ƙauye ne tsakanin Gezawa da Zakirai, irin inda gona ke manne da gona, in ka yi atishawa a taka maƙwabcinka ya yi maka addu'a daga tasa. Ni ne auta a wajen Inna. Da na gama sakandare sakamako bai yi kyau ba, sai na shiga birni neman abin yi, Allah ya sa na samu a filin jirgin sama. To, a nan gizo ke saƙar. Aikina a wajen ajiye motoci yake. Matafiya su bar motocinsu su tafi Umara ko Legas, ni kuma in wanke, in goge, in rufe da tamfol. In mutum ya dawo bayan mako uku ya murɗa makulli ya ji shiru, sai a ƙwala mini kira in zo da akwatina.

Akwatin nan bai kai bulon siminti girma ba. Batir ne mai ƙarfi a cikinsa, ana yi masa caji, yana da wayoyi biyu, ja da baƙa, kowacce da baki mai haƙora. Ka maƙala su a kan batirin da ya mutu, a murɗa makulli, mota ta tashi. Iyakar ilimin ke nan. Jirgi kuwa, ta saman katanga nake hango shi kamar kowa.

Da na zo Sallar farko, Inna ta zaunar da ni ta ce, "Auta, wai wane irin aiki kake yi a can?"

Na ce, "Inji nake tayarwa a filin jirgi."

(Ku duba maganar nan da kyau, babu ƙarya ko ɗaya a cikinta. Da haka na riƙa lallashin kaina.)

Kafin la'asar labari ya zaga gari cewa Autan Inna shi ke tayar da jiragen da ke kai alhazai Makka. Washegari a masallaci wani dattijo ya ce mini "Injiniya", na waiwaya in ga da wa yake. Da na ga da ni ne, sai na gyara tsayuwa na amsa. Sunan ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda ba, Habu, ɗan kawuna, taubashina. Shi ne zai tare ni a bainar jama'a ya ce, "Injiniya, wai jirgi giya nawa gare shi?" Ni kuma in ɗaure fuska in ce, "Ya danganta da jirgin." A yi ta gyaɗa kai ana cewa ilimi kogi ne.

Sai shekarun nan masu wuya suka shigo. Fetur ya gagari masu mota, da yawa suka jingine nasu a gida, wajen aikinmu ya zama fayau, aka sallame mu. Na tattaro katifata da akwatina na dawo gida, na ce hutu aka ba ni. Hutun nan har ya ga damina biyu.

Abin da na tarar a gida ya fi nawa. Takin zamani ya fi ƙarfin kowa, rumbuna sun ƙare tun kafin ruwa ya zauna, a gidaje da yawa tafasa da rama ake kwaɗawa a kwana. Baba ya haura saba'in amma kullum shi ne farkon fita gona. Na lura in an kawo masa tuwo sai ya yi loma uku ya ture kwanon wajen jikokinsa, ya ce cikinsa ne ba ya masa daɗi kwana biyu. Ciwon cikin nan bai taɓa kama shi ba sai lokacin cin abinci.

A daminar ta biyu Allah ya ba mu gero mai kyau. Zangarniya ta fito tubarkalla, ta fara ƙosawa, har an soma gasa tumu. Mutane suka fara dariya da gaske. Ana cikin haka jan baki suka sauka.

Wanda bai taɓa ganin tsuntsayen nan ba zai ce ƙari nake yi. Daga nesa sai ka ce hayaƙi ne ya taso daga gabas, kafin ka yi salati sun rufe gona. Tashinsu ke da wuya ka tarar da zangarniya tsaye, amma ba ƙwaya. Gari ya koma gona gaba ɗaya. Tun asuba har faɗuwar rana ana kaɗa gwangwanaye, ana jan igiyoyi, ana ihu. Ka kore su nan su sauka can, maƙwabcinka ya koro maka su. Muryar Baba ta dishe har sai ka matso kake jin abin da yake faɗa. Wata rana na same shi a ƙarshen gona ya riƙe wata zangarniya da aka cinye, yana shafa ta da babban yatsa. Da ya gan ni sai ya sake ta ya ce, "Su ma bayin Allah ne, yunwa suke ji." Na juya baya don kada ya ga idona.

Dagaci ya yi ta sintiri zuwa birni har aka dace. Aka ce za a turo jirgin feshi. Akwai wani dogon faƙo a yammacin gari wanda ko ƙaya ba ta fitowa a kansa, katafila ta zo ta baje shi. Malamin gona ya yi mana bayani cewa tsuntsayen suna kwana ne a wani kurmi da ke bakin fadama, kuma feshin ba ya yin amfani sai dab da magariba, lokacin da suka taru za su kwanta.

Jirgin ya sauka ranar Talata da hantsi. Ina jin ƙararsa na shige ɗaki. Gari ya watse, har da masu jego, kowa ya nufi faƙo. Inna ta leƙo da mayafinta a hannu ta ce, "Ba za ka je ka ga abokan aikinka ba?"

Na ce, "Haba Inna, ni da na shekara biyar a cikinsu, me zan gani? Kaina ma ciwo yake."

(Allah ya sani, a duk garin babu wanda ya kai ni son ganin jirgin nan kusa da kusa.)

Bayan la'asar ina kwance ina taya kaina murnar na tsira, sai na ji sallama a zaure. Muryar Dagaci ce da kansa. Na fito na tarar da shi tsaye tare da malamin gona, Habu yana bayansu yana murmushin da ban so ba. Baba na zaune a kan buzunsa.

Dagaci ya ce, "Injiniya, yau ranarka ce. Jirgi ya ƙi tashi."

Malamin gona ya ƙara bayani. Batirin jirgin ne ya mutu. Motar da ke ɗauke da makanikensu da kayan gyara ta tafi shan mai tun da hantsi, layi ya riƙe ta, ba ta da ranar dawowa. In ba a yi feshin nan yau ba, gobe da safe jirgin zai wuce wata ƙaramar hukuma, mu kuma sai dai mu jira wani zagayen, in akwai sauran geron da za a jira da shi.

Habu ya ce, "Ni na tuna musu. Na ce ina amfanin muna da mai tayar da jiragen Makka a gida muna kuka?"

Na buɗe baki zan ce akwatin ba caji, alhali jiya-jiya na karɓo shi daga shagon mai sola cike taf. Sai na dubi Baba. Bai ɗago kai ba, da disasshiyar muryar nan ya ce, "Ɗauko akwatinka, Auta."

Ina shiga cikin gida Inna ta riga ta ciro babbar rigata ta Salla, shadda mai ruwan sararin sama, ta sha sitaci. Ta ce, "Ba za ka je gaban manya kamar ɗan dako ba." Na zura ta a kan singiletin da ke jikina, wanda ramukansa sun fi yadinsa yawa, na kafa hula. Muka kama hanya, Dagaci a gaba, ni a tsakiya rungume da akwati, jama'a na ƙaruwa a bayanmu kamar rakiyar ango. Duk addu'ar da na iya na karanta a hanyar nan. Har ta shiga kasuwa sai da na yi.

Ga jirgi. Ɗan ƙarami ne, rawaya, kujerar mutum ɗaya, da farfela a hancinsa. Matuƙin yana zaune a inuwar fiffike, wani gajeren dattijo mai furfura a gemu, ana ce masa Kyaftin. Ya miƙe ya ba ni hannu ya ce, "Sannu da zuwa, Injiniya. Laifina ne. Da na sauka na manta wani makunni a kunne, ya zuƙe batirin tas."

Na tsaya ina kallonsa. Mutumin da ke tuƙa jirgi a sama, ga shi a gaban ɗaruruwan mutane yana cewa laifinsa ne, ko a jikinsa.

Ya nuna akwatin ya ce, "Naka sha biyu ne ko ashirin da huɗu?"

Ƙarfin wutar yake tambaya. Wallahi na san amsar, a rubuce take ɓaro-ɓaro a jikin akwatin. Amma a lokacin ƙwaƙwalwata ta riga ta koma gida ta bar ni. Na gyara wuyan riga, na ɗaga murya yadda na baya za su ji, na ce, "Ranka ya daɗe, awa ashirin da huɗu yake aiki. Ba dare ba rana."

Jama'a suka ɗauki kabbara. Kyaftin ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya karɓi akwatin ya juya shi, ya karanta, ya ce, "Sha biyu ne. Daidai da na jirgin nan. Mun yi sa'a."

Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma kabbarar nan ta hau mini kai. Na ce a raina, batirin mota a gaba yake ƙarƙashin bonet, na jirgi ma ba zai wuce haka ba. Na hango wani babban murfi a gaban kujerar matuƙi. Na tattare riga, na taka fiffike na hau, na ɗaga murfin na cusa kai ciki kamar mai leƙen rijiya. Ashe tankin maganin feshi ne. Wani wari ya mare ni har tsakiyar ka. Na ɗago ina tari, hawaye na zuba, hanci na yoyo.

Kafin kowa ya gane abin da ya faru, Kyaftin ya juya wajen jama'a ya ce da ƙarfi, "Madalla! Injiniya ya duba magani, ya ce ya isa." Ya kama hannuna ya sauko da ni, ya ba ni ruwa na wanke fuska. Sai ya matso dab da kunnena ya ce, "Ɗan'uwa, mota ka saba tayarwa, ko?"

Na ce, "E, ranka ya daɗe." Da ƙyar ni ma na ji muryata.

Ya ce, "To ai shi ke nan. Batir batir ne. Zo ka gani."

Ya zaga da ni bayan fiffike ya buɗe wata 'yar ƙofa a gefen jirgin. Da na leƙa na ga batir zaune da kawunansa biyu, sai na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a ƙasar da ban san kowa ba. Na ga farin gishirin nan ya taru a kan kawunan, na ciro makullin ɗakina na kankare shi tas. Na maƙala ja, na maƙala baƙa, na girgiza su na tabbata sun kama.

Kyaftin ya sa aka kori jama'a can nesa, bakin gonakin gyaɗa. Ya ce mini, "Saurara da kyau. Kada ka kusanci farfelar nan ko da wasa. In inji ya tashi zan ɗaga maka hannu, ka cire wayoyinka, malamin gona ya rufe ƙofar, ku yi gefe a hankali. Kuma ka tuɓe rigar nan, akwai iska."

Na tuna abin da ke ƙarƙashin rigar. Na ce, "Ba komai, na saba."

Ya hau ya zauna. Ya murɗa. Farfela ta motsa kaɗan, ta yi nishi kamar tsohon jaki, ta tsaya. Daga bakin gonaki na ji jama'a sun sauke numfashi gaba ɗaya. Rana ta riga ta yi ja, kuma can sama ga ayarin tsuntsaye sun fara wucewa zuwa fadama. Na ga Kyaftin zai sake murɗawa, sai na ji bakina ya ce, "Ranka ya daɗe, dakata! Batirin da ya mutu murus ba a yi masa gaggawa. In ka sake yanzu akwatin ma zai ƙare, mu rasa duka biyun. A bar shi ya ɗan sha wuta, kamar tsawon alwala da raka'a biyu."

Ya leƙo ya dube ni ya ce, "Kai ne malami a nan. Sai ka ce in murɗa."

Ita ce magana ɗaya tak ta ilimi da na yi a filin nan, kuma ba wanda ya ji ta sai shi da malamin gona.

Muka jira. Na ɗora tafin hannu a kan akwatin ina jin ɗuminsa. Da na ga ya yi, na ce, "Bismillah."

Inji ya yi tari sau biyu, ya tofar da hayaƙi, sannan ya kama.

Jama'a, ni dai daga bayan katanga na saba jin jirgi. Ban san haka abin yake ba in kana tsaye a jikinsa. Ƙasa ta ɗauki rawa, haƙorana suka ɗauki rawa, ƙarar ta shiga ta kunne ta sauka a hanji. Hannuwana ne suka yi aikinsu ba da shawarata ba, suka cire wayoyin suka ajiye akwatin a ƙasa. Ina miƙewa iskar farfela ta shiga ƙarƙashin babbar riga ta cika ta, ta ɗaga ta sama, ta kifa mini a ka, ta naɗe. Duniya ta yi duhu. Ba na ganin komai, ba na jin komai sai ruri a bayana, kuma wani abu yana jan wuyana. Nan take na yanke hukunci cewa farfela ce ta kama ni, jirgin kuma ya taso zai bi ta kaina.

Na zura da gudu.

Ban san ina nake nufa ba, ashe saitin jama'a na yi, ɓangaren mata. Ina cikin gudu na yi tuntuɓe da kunyar gyaɗa na kife. (Kunya ta kayar da ni tun kafin 'yar'uwarta ta iso.) Ina kwance naɗe cikin shadda, na tabbata yau sai Lahira, sai na ga bai kamata in tafi da nauyi a wuyana ba. Na buɗe maƙogwaro iya ƙarfina:

"Wayyo Inna! La'ilaha illallahu! Jama'a ku yafe ni! Ni ba injiniya ba ne! Wankin mota nake yi! Wallahi ban taɓa taɓa jirgi ba sai yau!"

Sau biyu na faɗa, ko da akwai wanda bai ji na farkon ba.

Sai na ji ana warware mini riga daga ka. Haske ya dawo. Fuskar Habu na fara gani. Na waiwaya, ga jirgi can inda na bar shi, ko taku ɗaya bai yi ba, malamin gona ya rufe ƙofar yana tafiya gefe a natse da hannu a aljihu. Ni kuma ga ni zaune a gonar gyaɗa, ba hula, riga a wuya kamar gyale, singileti yana nuna wa duniya duk abin da yake da shi. Mata sun yi da'ira a kaina, har da ƙawayen Inna, waɗanda suka shekara bakwai suna jin labarin jiragen Makka.

Can sai wata tsohuwa ta sunkuyo ta ce, "Sannu Auta. Ka ji ciwo?"

Ita ta fasa tulun dariya. Habu ya zube a ƙasa yana dukan ƙasa da hannu. Mata suka riƙa faɗawa jikin juna. Na hango Dagaci ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Allah ya taimake ni a daidai lokacin jirgin ya juya, ya ɗauki gudu a kan faƙo, ya ɗaga. Kowa ya juya yana kallon sama, aka ɓarke da kabbara da guɗa. Ni kuwa na rarrafa na shige cikin gero, na bi ta bayan gari, na faɗa gida ta katangar baya.

Ban iya shiga ɗaki ba. Na zauna a bayan rumbu, na yi sallar magariba a nan ni kaɗai. Daga wajen fadama ina jiyo jirgin yana kai da komo. Ina ta lissafin garin da zan koma inda ba a san ni ba.

Sai ga Baba. Ya riƙo akwatina a hammata, hulata a hannu. Ya ajiye su a gabana, ya dafa rumbu ya zauna a ƙasa kusa da ni, gwiwoyinsa na ƙara.

Na ce, "Baba, ka ji abin da na faɗa."

Ya ce, "Na ji. Ai na sani."

Na ɗago.

Ya ce, "Shekarar da Baffanka ya tafi aikin Hajji, ai har filin jirgi muka raka shi. Da suka shige na ce bari in nemi ɗana. Na yi ta tambayar injiniya, ba wanda ya san shi. Da na faɗi sunanka sai wani maigadi ya nuna mini wajen motoci. Na hango ka durƙushe kana goge taya, rana ta raba tsaka. Ina tsaye wani mai mota ya zo yana yi maka faɗa, kana ba shi haƙuri. Da ya gama ka ɗauko wannan akwatin ka tayar masa da motar. Na laɓe a bayan wata bishiya har ka gama."

Sai na tuna. Akwai ranar da maigadi ya miƙo mini ƙullin ƙuli-ƙuli da dakakken yaji ya ce wani tsoho ya ce a ba ni. Na ɗauka sadaka ce. Na cinye ina cewa a raina mai yajin nan hannunta ɗaya da na Inna.

Na ce, "Me ya sa ba ka yi mini magana ba?"

Ya ce, "Ni ban ga abin kunya ba. Amma na ga kai kana gani. Na ce in na fito zan ƙara maka kaya."

Da ƙyar na ce, "To yau me ya sa ka bar ni na je?"

Ya ce, "Ai ba injiniya suka rasa ba, wuta suka rasa. Kai kuma da idona na ga kana tayar da mota." Sai na ga gefen bakinsa na motsi. "Gudun ne dai ban san ka iya shi haka ba."

Dariya ta ƙwace mini tare da kuka, ban san wanne ya riga wani ba. Shi ma ya yi ta yi da muryar da ba ta fita, har tari ya sarƙe shi.

Muna haka Inna ta zo da kwanon tuwo ta dire a gabanmu. Ita ce na fi jin tsoron haɗa ido da ita, don ita ta yi ta yawo da sunan nan gida-gida. Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, ki yafe ni."

Ta ce, "Jirgin ya tashi ko bai tashi ba?"

"Ya tashi."

"Wa ya tashe shi?"

Na dubi akwatin.

Ta ce, "To ci tuwonka." Ta juya za ta tafi, sai ta dawo. "Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai. Singiletin nan. Ina raye, da allura da zare a ɗakina, ka je ka nuna wa matan gari kamar ba ka da uwa."

A daren nan Baba ya cinye rabonsa na tuwo tas, bai ambaci ciwon ciki ba.

Tsuntsayen ba su ƙare duka ba, amma sun ragu har mutum na iya kare gonarsa. Abin da suka ci sun ci. Da kaka ta yi rumbunmu bai cika ba, amma an sa tsani kafin a leƙa shi, kuma ya kai mu har wata daminar. Kyaftin kafin ya wuce da safe ya aiko malamin gona takanas ya gaishe ni, ya ce a faɗa mini maganar alwala da raka'a biyu ya riƙe ta, zai koya wa makanikensa.

Kwana uku ban fita ba. Ran na huɗu na daure na je masallaci, na tarar ba wanda ya ƙi ba ni hannu. Sai dai har yau in Habu ya hango ni, ko a jana'iza ne, sai ya matso ya ce a hankali, "Wayyo Inna." Yanzu ranar kasuwa nakan ɗauki akwatina in je Gezawa ko Zakirai, in tayar wa masu a-kori-kura da motocinsu, in an samu wanki in yi, kowa na gani.

Abin da ya fi ci mini rai ba gudun ba ne. In na tuna shekara da shekaru na yi ina zama gaban Baba ina ba shi labarin yadda jirgin Jidda ya ba ni wahala, shi kuma yana cewa "Ikon Allah, sannu da ƙoƙari", sai in ji kamar in nutse. Don haka ga shawara kyauta daga wanda ya ji a jikinsa: in kana zuba labari ka ga mai sauraro bai taɓa yi maka gardama ba, kada ka ɗauka ka iya tsara magana. Wataƙila ya fi ka sanin labarin, tausayinka kawai yake ji. Musamman in shi ya haife ka.